Jan Katako A Wuyana

Bazara ce, irin wadda tun kafin hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Shekarar nan ruwa ya yi jinkiri. Hadari ya haɗo ta gabas ya watse, manoman Gwarzo su ɗaga kai su dubi sama su koma inuwa, kuɗin mota ya tashi, kowa ka taɓa a wuya yake. Mangwaro kaɗai ya yi arha. A cikin wannan zafin, zangon karatu na uku, wata Laraba ta zo mini wadda har yau ba ta fita daga raina ba. Tun da kun ce in rubuta muku wani abu daga shekarun da na yi ina aikin raino a makaranta, ita zan ba ku, ku ƙannena da kuka shigo aikin a bayana.

Sunana Hajara, amma a wurin aiki Inna Hajo ake ce mini. Makarantar ta kuɗi ce, a Gwarzo, ta wajen hanyar Kabo. Ga wanda bai san tsarin irin waɗannan makarantu ba, a sama akwai mai makaranta, namu wani Alhaji ne ɗan kasuwa da ba ya zuwa sai jefi-jefi. Ƙarƙashinsa hedimasta, shi ke ɗauka shi ke kora. Sai mataimakiyarsa, sai malaman aji, waɗanda yara suke kira Anti da Ankul. A can ƙasa sai mu masu raino da maigadi. Aikin mai raino shi ne ta tarbi yara da safe, ta cika randa, ta raka ƙanana banɗaki, ta wanke wanda ya ɓata jikinsa, ta buɗe wa 'yan rabin aji kular abincinsu a lokacin tara, ta yi shara bayan an tashi. Makullin banɗaki da na ɗakin tsintsiya a hannuna suke.

Ni ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haifi ɗana na huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Madadi, ina zuwa da goyo. A nan na koyi karatu da rubutun Hausa, da ɗan Turancin da bai wuce na gaisuwa da sunan kaya ba. Ƙa'idar makarantarmu, duk ma'aikaci yana da gurbin ɗa ɗaya kyauta, kuma a wannan gurbin autata Nana take, tana aji uku. Ba don aikina ba, ko ƙofar makarantar ba za ta taka ba. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na ɗora a kan faifai.

A farkon zangon aka yi gasar kacici-kacici tsakaninmu da wata makaranta a Kabo. Aka tambayi yarinyarmu me take so ta zama, ta amsa da Turanci cewa likita, amma ta tsallake wata 'yar kalma. Alƙalin gasa ya gyara mata ta lasifika, 'yan Kabo suka yi shewa. Iyayen da suka raka mu suka dawo da ɓacin rai, wasu suka ce in haka ne gara su mayar da 'ya'yansu can.

Hedimastanmu Malam Sabi'u, daga Kano aka kawo shi. Ba zan zalunce shi ba, mutum ne mai zuwa aiki kafin kowa, shi ne ma ya sa aka gyara mana famfo, kuma iyaye ne suka hura masa wuta. Ya tara mu duka, har ni har maigadi, ya tsaya gaban allo ya yi bayani. Yadda na fahimta shi ne, Turawa suna da wasu 'yan kalmomi biyu, “a” da “an”, da suke ajiyewa gaban sunan abu guda, kamar yadda ake shimfiɗa tabarma kafin baƙo ya zauna. Mu a Hausa babu su. Ƙwai ƙwai ne, ba sai an yi masa shimfiɗa ba. Don haka yaranmu ko su manta da su gaba ɗaya su ce “I want pencil”, ko su musanya su ce “a egg” inda ya kamata su ce “an egg”, ko kuma tsoro ya sa su watsa su ko'ina har gaban ruwa, alhali shi ruwa ba a sa masa ko ɗaya. Ya ce akwai ma kalmomin da suke yaudara, sai kunne ya saba. Mataimakiyarsa Malama Binta tana kusa da ni, ta ce mini ƙasa-ƙasa, “Wallahi Inna, wannan ko mu yana kayar da mu.”

Sannan ya buɗe durowa ya fito da maganin da ya yi wa cutar. Guntun katako ne daga karyayyen benci, faɗin tafin hannu, kafinta ya huda shi, an shafa masa jan fenti, an zura igiya. Dokarsa ita ce, duk wanda aka ji ya yi kuskure a waɗannan kalmomi, ko ya yi Hausa a harabar makaranta, a rataya masa. Ba ya sauka daga wuyansa sai ya kama wani da kunnensa. Wanda ƙararrawar tashi ta same shi da shi, washegari a taron safe ya fito gaban makaranta ya karɓi tsumagiya. Ya ƙara da dariya, “Kuma dokar ba ta bar kowa ba, har malamai, har Inna Hajo.” Aka yi dariya, ni ma na yi.

Da farko kamar abin ya yi aiki. Ka shigo makarantar ba ka jin Hausa. Sai dai ba ka jin Turancin ma. Yara ba wawaye ba ne, nan da nan suka gane cewa katako ba ya hawa wuyan wanda bai buɗe baki ba. Filin da a da sai na toshe kunne a lokacin tara ya koma kamar gidan makoki. Wanda katako ke wuyansa kuwa ya zama maharbi, yana yawo tsakanin 'yan'uwansa, kowa na gudunsa. Wani ya mintsini na kusa da shi don ya ce “wayyo Allah”, wani ya ɗauke wa wani takalmi don ya yi magana.

Ni ta wurin igiyar shanya na san abin ya ɓaci. Zafi ake yi, yara suna shan ruwa kamar raƙuma, kuma kafin a fita banɗaki sai an ɗaga hannu an nemi izini da Turanci gaban aji. A da 'yan rabin aji kaɗai nake wanke wa wando. Sai ga shi ina wanke na 'yan aji biyu, har na 'yan aji huɗu, yaran da a gida su ke yi wa ƙannensu tsarki. Igiyata ta cika, na ƙara wata.

Na bi hanya yadda aka koya mana. Ƙarami ba ya tsallake na gaba da shi, don haka Malama Binta na fara samu. Ta ce ta gani, ta yi magana, an ce mata ita ce take ɓata yara. Ta ce in yi haƙuri zango ya kusa ƙarewa. Bayan kwana biyu na tari hedimasta da kaina a bakin ofis, na rusuna na gaishe shi, na gaya masa abin da nake gani a igiya.

Ya ce, “Inna, ciwon farko ne, zai wuce. Mu ma haka aka yi mana, ga mu nan.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, yaran sun daina magana.”

Ya ce, “Sun daina shirme dai. Ke dai ki ji da butarki da bokitinki, Turanci ki bar wa masu shi.”

Na ce to, Allah ya huci zuciyarsa, na koma bakin aikina.

Akwai wata yarinya a aji biyu, Hauwa'u, babanta manomi ne daga wajen Kabo, kullum shi ke kawo ta a babur. Kafin zuwan katako, Hauwa'u rediyo ce. Tun daga bakin ƙofa za ta fara ba ni labarin akuyarsu ta haihu, kakarta ta yi faɗa da mai manja, har sai na ce ta bari in ji da kunnena. Ita ce ta fi kowa yin shiru daga baya.

Ranar Larabar, bayan an koma daga tara, malamar ajinsu Anti Rabi ta leƙo ta yafuto ni. Na tarar da Hauwa'u tsaye a bayan aji, siket a jiƙe, ruwa ya bi ƙafarta har cikin safa, jan katako a ƙirjinta. Ba kuka take yi ba. Idonta a buɗe yake kawai, kamar na ɗan tsakon da shaho ya gifta ta kansa. Daga baya na ji yadda aka yi. Abokiyar zamanta ce katakon yake wuyanta, ta matso da fara'a ta tambaye ta da Turanci me aka sa mata a kula. Hauwa'u ta ji daɗi an kula ta, ta ce “a egg”. Shi ke nan.

Na kama hannunta muka tafi banɗaki. Har rigar ta ɓaci, sai an cire, kuma rigar ba ta fita sai an zare igiyar. Ina kai hannu ta damƙe katakon da hannu biyu tana girgiza kai.

Na ce, “Nan banɗaki ne, ofishina ne. Yi Hausarki, ba mai jin ki sai ni.”

Sai da ta leƙa ƙofa sannan ta ce, da wata murya kamar ta marar lafiya, “Inna, in aka cire ba a ba wani ba, dukan ninki ne.”

“To me ya hana ki neman fita tun da kin matsu?”

“Na manta ko da ‘a’ ake faɗa ko babu.” Ta ƙara da cewa, “Kuma Babana ya ce in aka dake ni a makaranta zai ƙara mini a gida, don ba a banza yake ƙona mai ba.”

“Ba ki nemi wanda za ki ba ba?”

“Duk sun gudu. Sai ƙaramar nan ta rabin aji, ita kuma ba ta san komai ba.”

Na wanke ta, na sa mata rigar da muke ajiyewa saboda irin haka, na mayar mata da igiyar a wuya kamar yadda ta roƙa. Ban yi wani dogon tunani ba, kada in yi muku ƙarya.

Na rako ta har ƙofar aji. Na tsaya a bakin ƙofar, na ɗaga murya iyakar yadda Allah ya ba ni, na ce, “Anti, give me a water.”

Alli ya tsaya a hannun Anti Rabi. Yara duk suka juyo.

Na ce, “Hauwa'u, kin ji abin da na ce?” Kun ga na haɗa laifi biyu ke nan, ga kuskure ga Hausa.

Ta ɗaga kai.

“Daidai ne ko ba daidai ba?”

Ta girgiza kai.

“To me kike jira? Zo ki ba ni kayana.”

Na durƙusa a gabanta. Ta dubi Anti, Anti ta dubi allo. Yarinyar nan ta zare igiyar ta zura mini ta saman hijabi, hannunta sanyi ƙalau a cikin wannan zafin. Na miƙe na ɗauki bokitina na tafi.

Wanda ya fara tare ni maigadi ne, Baba Tanko, tsoho mai barkwanci. Ya dafa sandarsa ya ce, “A'a! Inna Hajo, yaushe aka yi naɗin ba a gayyace mu ba? Sarautar me aka ba ki?”

Na ce, “Ta masu kuskure.”

Ya ce, “To ai ni ne wazirinki, don ni a Turanci ko bihim ban sani ba. Amma fa ki sani, wannan rawanin da zafi yake.”

Malamai suna leƙowa ta taga, wasu na dariya, wasu sun kama baki. Yara kuwa da farko guduna suka yi, don sun saba mai katako maharbi ne. Ina cika randa wata 'yar aji ɗaya ta zo shan ruwa, moɗa ta suɓuce mata, ta ce “Kash, ta faɗi!” Ta daskare a wurin tana kallon ƙirjina. Na sunkuya na ɗauki moɗar na ɗauraye na miƙa mata, na ci gaba da aikina. Ban san wa ta gaya wa ba. Kafin azahar gindin randar nan ya zama kasuwa. Masu Hausa na yi, masu Turanci na yi, da daidai da karkatacce, wata har tana gwada wa 'yar'uwarta inda ake sa “an” tana dariya. Rabon da in ji wannan hayaniyar har na manta, kuma ranar ban ƙara wanke wandon kowa ba.

Ƙararrawar tashi ta same ni da shi a wuya. Iyaye masu ɗaukar yara suka gan ni a bakin ƙofa, wani Alhaji ya tambayi Baba Tanko ko sabon katin ma'aikata ne. Kafin in fara shara aka ce hedimasta yana kira.

A ofis dokar Turanci ba ta aiki, in an rufe ƙofa kowa Hausarsa yake yi. Na yi sallama na durƙusa daga gefe. Malama Binta tana zaune da takardu, ba ta ɗago ba.

Ya ce, “Inna, wasan ya isa. Ajiye shi a nan.” Ya nuna tebur.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ba ya sauka sai na kama wani. Kai ka faɗa.”

“To ba ki kama kowa ba duk yinin nan? Ni daga nan ina jiyo su.”

“Kunnena ya yi nauyi, Malam. Girma ne.”

Malama Binta ta yi tari ta rufe baki da takarda.

Ya ce, “Dokar yara ce.”

“Ka ce ba ta bar kowa ba, har ka kira sunana. Kuma kuskuren na yi shi da gaske, gaban shaidu. Ka tambayi Anti Rabi.”

“Kin san abin da ake yi wa wanda ya kwana da shi?”

“Na sani. Ni nake jiƙa musu hannu da ruwan sanyi in an gama.”

Ya tashi ya zagayo tebur. Ya sassauta murya, don kamar yadda na gaya muku ba mugu ba ne. Ya ce, “Inna, kin girme ni, ba na son in yi miki rashin kunya. Amma dubi nan. Yaran nan in suka je jarrabawa ba wanda zai tausaya musu don a Gwarzo aka haife su. Ɗan Kano da ɗan Legas takarda ɗaya za a ba su. Kina so su tashi kamar…” Ya tsaya.

Na ce, “Kamar ni. Faɗi, ba zagi ba ne. A'a, ba na so. Shi ya sa 'yata take nan. A koya musu, a gyara musu sau ɗari, ni ma in da hali a gyara mini. Mu a ajin manya in ka yi kuskure malama maimaitawa take sa ka yi, 'yan'uwa su taya ka, a yi dariya a wuce. Da katako aka rataya mini ranar farko, da yau ko sunana ban iya rubutawa ba. Wanda bai buɗe baki ba, me za ka gyara masa?”

Ya ce, “Ba shawara na kira ki ki ba ni ba. In kin riƙe wannan, gobe kafinta zai yi mini wani.”

Na ce, “To ni kuma in sake yin wani kuskuren. Ranka ya daɗe, bencinka zai ƙare kafin kuskurena ya ƙare.”

Nan fuskarsa ta canja. Ya koma kujerarsa ya ce, “Shi ke nan. Ki je ki kwana da shi. Gobe kafin taron safe in same shi a kan teburin nan, mu manta an yi. In ba haka ba ki ajiye makulli. Kuma kin san gurbin Nana da makullin yake tafiya.”

Na ce na sani. Na yi masa sai da safe, na je na gama sharata tsaf.

A hanya Nana ba ta yarda ta jera da ni ba, tana can gaba tana harbin duwatsu. Muna shiga gida ta fashe da kuka, wai 'yan ajinsu suna ce mata 'yar mai katako, wai ita ba za ta bar makarantarsu ba. Maigidana Malam Ilu, mai gyaran keke ne da facin taya, ya dawo bayan la'asar ya same mu a haka. Na ba shi ruwa, na ba shi labari tun daga farko. Ya juya katakon a hannunsa, yana wuyana ban cire ba.

Ya ce, “Hajara, tun da aka kawo ki gidan nan ban taɓa jin kin yi wa ko akuya tsawa ba.”

Na ce, “Yau ma ban yi tsawa ba, Malam.”

Ya ce, “Ga shekara yadda take. Ba a yi shuka ba, rumbu ya yi ƙasa. 'Yar wani ce fa, ba taki ba.”

Na ce, “Da tawa ce, da ka so wata ta tsaya mata.”

Ya saki katakon. Can ya ce, “Ni ba zan ce ki mayar ba, ba zan ce kada ki mayar ba. Ke kika ga abin da kika gani.” Ya ɗauki buta ya fita masallaci.

Ina tankaɗe Nana ta matso, ta ga kuka bai yi ba ta koma lallashi. Ta ce, “Inna, ai abu ne mai sauƙi. Ki ba wata kawai. Ni da aka rataya mini, taka ƙafar Sadiya na yi, ta ce ‘wayyo ƙafata’, na ba ta.”

Sadiya 'yar maƙwabtanmu ce, tare suka yi rarrafe, kwano ɗaya suke cin tuwo. Sai a lokacin na tuna na kwana biyu ban ga yarinyar a gidanmu ba.

Na ce, “Ita aka daka?”

Ta ce, “E. Ai kowa haka yake yi.”

Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin ta ci jarrabawa. Na ajiye rariya na dube ta. Ni na kai ta makarantar nan don ta fi ni, ga abin da ta koyo. Duk wani kokwanto da na shigo da shi gida, a nan ya fita.

Kafin in gaya muku yadda muka ƙare, ga abin da na ɗauka daga wannan aiki, ku ƙannena. Za a ce muku buta da tsintsiya ne naku, kuma gaskiya ne, kada ku raina su. Malami gaban yaro yake gani, hannun da aka ɗaga da amsar da aka bayar. Mu bayansa muke gani, abin da ya ɓoye, abin da ya jiƙa, abincin da ya mayar gida bai taɓa ba. In kun ga abu ku bi hanya, ku faɗa da ladabi, ku sake faɗa. Yawancin manyanmu ba mugaye ba ne, su ma wani ne yake taka su daga sama. Amma haƙuri daban, rufe ido daban. Kuma kada wadda ta ce muku tsayawa kyauta ce. Ana biya, wani lokacin ma ba kai kaɗai kake biya ba.

Washegari na yi sammako kamar kullum. Na sa wankakken hijabina, na ɗora katakon a sama inda kowa zai gani. Na cika randa, na wanke banɗaki, na tarbi yara. Baban Hauwa'u ya sauke ta, ta tsaya tana kallona, na ce ta wuce aji. Ban bi ta ƙofar ofis ba.

Aka kaɗa ƙararrawa, aka yi layi, aka yi addu'a da taken ƙasa. A taron safe komai da Turanci ake yi. Da aka zo wurin da ake kiran mai katako, hedimasta ya yi kamar zai tsallake. Ni kuwa na fito daga bayan 'yan rabin aji, na taka har tsakiyar fili, na tsaya daidai inda yara suke tsayawa, na miƙa masa tafin hannuna biyu.

Tsumagiya tana hannunsa. Ya dubi hannun, ya dubi malamai, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Ya ce mini wani abu da Turanci a hankali, na gane cewa yake in koma. Ban motsa ba. Ya sake faɗa. Na ƙara miƙa hannun.

Sai ya jefar da tsumagiyar ya daka tsawa, “Wai ke wace irin mace ce? Ajiye mini makullina ki fice, ke da 'yarki!”

Da Hausa ya faɗa, tsakiyar fili, gaban makaranta duka. Na ji yaran nan sun ja numfashi lokaci ɗaya. Idanu suka tashi daga bakinsa suka sauka a ƙirjina, suka koma wuyansa. Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Daga bakin ƙofa Baba Tanko ya ce, yadda kowa zai ji, “To fa! Sarauniya, ga nama ya faɗo.”

Taku biyu ne tsakanina da shi. Amma in na rataya masa, kafin tara ya sauke shi a wuyan 'yar wani, kuma yaran nan sun ga ni ma na yi farauta.

Na ce, “Baba Tanko, me aka ce? Ni ban ji komai ba.”

Na kwance makullan daga bakin zanina na miƙa wa Malama Binta, na gaya mata sabulu ya kusa ƙarewa, kuma rigar ajiya tana wurin Hauwa'u. Na shiga layin 'yan aji uku na kama hannun Nana. Tana kuka, ban hana ta ba, don tana da gaskiyar kukanta. Muka fita da katakon a wuyana, ba wanda ya tare ni.

Ba gida muka nufa ba. Muka bi bakin titi cikin rana har firamaren gwamnati ta unguwarmu. Hedimastan can ya amsa gaisuwata, ya nuna ƙirjina da biro ya ce, “Baiwar Allah, wannan fa?”

Na ce, “Nawa ne, Malam. Gurbi nake nema wa 'yata a aji uku.”